Wanda Ya Zaɓa wa Motar Attaher Ƙafafu

Kafin masu shayi su gama hura gawayi a tashar Dakoro, Jimrau mai faci ya riga ya share gindin itacen bediyarsa. Yakan jawo rabin durom ɗin da yake tsoma taya a ciki don neman huji, ya shimfiɗa buhu ya jera ƙarafunansa, sannan ya zauna a kan tsohuwar tayar babbar motar kaya, kamiyo, da ta zame masa kujera tun kafin a haifi yawancin direbobin tashar. Daga nan har la'asar, duk motar da ta shigo, mutane suna kallon kayanta da fasinjojinta, shi kuwa ƙafafunta yake kallo. An doshi shekara arba'in ana haka. A ƙarshen watan nan zai naɗe buhun, domin bayansa ya ƙi. Na san garin nan sarai: ba wanda zai kafa masa rumfa, ba wanda zai miƙa masa takardar yabo. Irin waɗannan takardu ana ajiye su ne don masu zuwa cikin mota mai sanyi su yi mana jawabi a kan talaucinmu, su juya kafin tuwo ya huce. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni ban taɓa mallakar mota ba. Abin da ya kai ni gindin bediyar shi ne, tun da matata Rahamatu ta rasu gida ya yi mini faɗi. Na gaji da masu ta'aziyyar da ke karanta mini abin da na karanta tun ba su iya ɗaura wando ba. Jimrau bai yi mini wa'azi ba. Ya dai mirgino wata taya kusa da tasa, ya kakkaɓe ta. A kanta nake zama kowace safiya, kuma daga kanta na ga yawancin abin da zan faɗa.

Masu faci suna da yawa a garin nan, akwai ma waɗanda suka fi shi saurin hannu. Abin da ya raba shi da su al'ada ɗaya ce, wadda ta ja masa ba'a fiye da riba. Idan mutum ya kawo a-kori-kura yana son a ɗaura mata tayoyi, Jimrau ba ya tambayar wace iri yake so. Tambayarsa ita ce ina motar take zuwa. In ya san hanyar, shi ke nan. In bai san ta ba, ko ya daɗe bai bi ta ba, sai ya rufe ƙarafunansa, ya haye bayan motar tare da awaki da buhunan hatsi, ya bi mai ita har ƙarshen zangonta. A hanya yakan buga rufin motar a tsaya, ya sauka ya tona ƙasa da dunduniya, ya ɗiba ya murza a tafin hannu, ya koma ya hau. Direbobi suna cewa Jimrau ba ya ɗaura taya sai ya je gaisuwar surukai. Masu gaggawa sukan wuce wurin wani, bai kuma taɓa kiran ɗayansu ya dawo ba.

Don wanda bai sani ba, tayar irin waɗannan motoci iri biyu ce ake gardama a kai. Akwai ta laka, mai manyan haƙora a warwatse, wadda ke cizon taɓo tana tofar da shi. Tana da kwarjini, ko a tsaye take sai ka ce faɗa za ta yi. Akwai kuma wadda direbobi ke kira ta-ko'ina, mai ƙananan haƙora a matse, wadda ba ta burge kowa. Ba gwana ba ce a laka, amma ba ta tona rairayi, kuma tsakuwar hanya ba ta cinye ta da wuri.

Attaher ya zo ne bayan wata shekara da makiyaya suka sha wuya, wadda ciyawa ta ƙare tun sanyi bai wuce ba. Buzu ne daga wajen Bader Goula, dogo, mai magana a hankali kamar yana auna ta. Abin da ya rage masa na raƙuman gado ya kwashe ya sayar, ya sayi a-kori-kura ta hannu, irin katkat ɗin nan mai ja da ƙafa huɗu, da niyyar ɗauko dabbobi da mutane daga zangunan makiyaya zuwa kasuwa. Yayansa Intalla bai yi masa faɗa ba. Ya dai ce wanda ya musanya abin da ke haihuwa da abin da ke shan mai ba shi da ta cewa a wurin shayin gidansu, kuma daga ranar bai ƙara miƙa masa kofi ba. Wanda ya zauna da Buzaye ya san nauyin wannan. Motar kuwa ta zo da tayoyi sumul kamar kan mai sanƙo, kuma ƙarfin Attaher na saye ɗaya ne tak. In ya kuskure, ba raƙuma, ba mota, ba fuskar da zai koma wa ɗan'uwansa da ita.

Ya riga ya zaɓa kafin ya iso gindin bediya, kuma zaɓin makiyayi ya yi. Ya durƙusa gaban tayoyin da ke jere a shagon mai sayarwa, yana sa yatsa tsakanin haƙoransu, yana taɓa su ɗai-ɗai, kamar yadda ya yi wa bakin duk raƙumin da ya taɓa tayawa. A wurinsa, dabba mai cikakken haƙori ita ce mai sauran aiki a gaba. Ya ware masu manyan haƙora, ya ce a ajiye masa, ya zo neman mai ɗaurawa.

Jimrau ya tambaye shi hanya, ya saurara, ya rufe ƙarafunansa. Washegari suka kama hanyar arewa a kan tsofaffin tayoyin, Attaher yana ta mamakin tsohon da ya ƙi zama gaba. Abin da Jimrau ya gani shi ne rairayi, sai rairayi, sai jigawa bayan jigawa, da 'yan wurare masu tsakuwa. Laka a wuri ɗaya take, wani kwari mai baƙar ƙasa da ta tsattsage da zafi, wanda dole a ratsa shi kafin a shigo gari. A wata rijiya suka tarar ana shayar da raƙuma. Jimrau ya sauka, ya tsaya yana kallonsu.

"Buzu, in za ka sayi raƙumi don hanyar ga, bayan ka gama da bakinshi, mi kake dubawa?"

"Ƙafa," in ji Attaher.

"Wace iri?"

Attaher ya ce mai faɗi, mai taushi, wadda in ta taka rairayi takan baje, ba ta nutsewa. Yana faɗin haka sai ya juya ya dubi motarsa.

"Ni ban san raƙumi ba," in ji Jimrau. "Kai ka sani. Na dai ga ka tsaya a baki."

Wani zai tsaya nan, ya ɗaura ta-ko'ina, ya bar mutum ya tafi da murna. Jimrau bai ɓoye masa sauran ba. A bakin kwarin nan ya sa aka tsaya, ya gaya masa cewa da damina, ranar da aka yi ruwa mai yawa, wannan taya ba za ta ratsa shi da kaya ba. Dole ya jira ƙasa ta tsane, kuma masu kaya za su zage shi. Ya ce ita za ta ciyar da shi yawancin shekara ta kunyata shi 'yan kwanaki, waccan kuwa za ta yi masa ado a 'yan kwanakin ta binne shi a sauran. Attaher ya ce ya ji. Jin abu da rani a bakin busasshen kwari ba shi da wuya.

Damina ta zo ta cika alkawarin. Akwai wani direba, Ɗangoggo, mutum mai fara'a da kaifin baki, wanda hanyarsa ta wajen Mai Yara ce, cikin gonaki da wuraren da ruwa ke kwanciya. Jimrau da hannunsa ya ɗaura masa ta laka, domin ya bi hanyarsa ya ga ita ta dace da shi. Da Ɗangoggo ya ji akwai raguna a arewa masu neman kasuwa, sai ya hauro. Wata safiyar kasuwa, bayan ruwa, Attaher ya iso bakin kwari da mota cike da ragunan mutane, ya sauka ya taka ƙasa, ya kashe mota. Yana tsaye Ɗangoggo ya ratso yana watsa taɓo sama. Masu raguna ba su ɓata lokaci ba, suka sauke kayansu suka mayar cikin motar Ɗangoggo. Haka ta sake faruwa a kasuwa ta gaba. Labari ya kai zangonsu, kuma Intalla, wanda ba ya magana da ƙanensa, ya samu bakin aikowa a tambaya ko motar ta haihu.

Ina zaune ranar da Attaher ya shigo tasha. Bai gai da kowa ba. Ɗangoggo yana can kan bencin mai shayi yana shaida wa jama'a cewa Buzu ya sayar da raƙuma ya sayi akuya, shi ya sa take tsoron ruwa. Ana ta dariya. Attaher ya zo ya tsaya a kan Jimrau.

"Baba, kai ka ɗaura mishi nashi, kai ka ɗaura mini nawa. Wa ka cuta cikinmu?"

Jimrau ya ajiye guduma, ya miƙe, ya ɗaga murya yadda bencin mai shayi zai ji, abin da ba ya yi.

"Ba wanda na cuta. Shi na ba shi na hanyarshi, kai na ba ka na taka. Mai son dariya ya yi da ni, ni na zaɓa."

Magana ce, kuma magana ba ta da tsada a garin nan, muna da ita fiye da ruwa. Abin da ya biyo baya shi ne aikin. Daga ranar har damina ta ɗauke, duk safiyar kasuwar da aka tashi da ruwa, ranar da mai faci ke samun abin da zai ci mako, Jimrau yakan bar gindin bediya ya nemi mai kai shi bakin kwarin. Yakan naɗe wando ya ratsa taɓon a ƙafa, ya zauna kusa da motar Attaher. Ba abin da yake gyarawa. Yana nan ne don in masu kaya za su zagi wani su tarar da furfura a gabansu, kuma don kada zuciya ta ɗebi mutumin ya jefa motar cikin laka, ya ƙone abin da ba shi da halin sakewa. Idan rana ta ɗaga, sukan taka ƙasar tare, har Attaher ya koyi gane lokacin da za ta ɗauke shi.

Kai ne, Jimrau, ka ba mutum shawara sannan ka je ka zauna tare da shi cikin kunyarta. Na yi shekaru ina karanta masu ba duniya shawara, na kuma ga na garinmu, masu zuwa da ita a jaka. Duk inda ta yi ɗaci ba a samun su a gida. Kai ka naɗe wando.

Daminar ta ɗauke da wuri. Zuwa bazara makiyaya sun matsa can rijiyoyi masu nisa, bayan manyan jigayi, kuma shanu suka fara kwanciya ba sa tashi. Akwai dusa da angurya a Dakoro, amma wa zai kai? Ɗangoggo, a faɗi gaskiya, ya gwada. A jigawar farko haƙoran tayarsa suka yi abin da aka yi su dominsa, suka tona, suka tona, har cikin motar ya kwanta a rairayi. Da aka ciro shi ya dawo tasha ya ce da bakinsa wannan ba hanyarsa ba ce, ya koma kudu. Masu zuwa kasuwa suka kawo labarin cewa Intalla yana wata rijiya da sauran shanunsa da 'yan taguwoyinsa, wato raƙuma mata, kuma in aka ƙara kwanaki ba abin da zai taso da shi. Bai aiko wa ƙanensa ba. Ya gwammace ya zauna ya kalle su suna faɗuwa.

Attaher ya yi lodi da sassafe. Yana ɗaure igiya sai ga Jimrau da famfon hannu a kafaɗa. Abin da ya faru a tafiyar, daga bakin Attaher na ji shi, domin shi Jimrau da na tambaye shi cewa ya yi an je an dawo.

A bakin rairayi Jimrau ya sa aka tsaya, ya bi tayoyin yana rage musu iska har suka baje a ƙasa. Attaher ya ce ganin haka ya zaci ba inda za su je, domin ga nauyi a sama ga ƙafafu kamar sun sace. Amma motar ta hau jigawa tana tafiya a sannu, ba ta tona, ba ta kuka. Matsalar ita ce tsakanin jigayin akwai fako mai tsakuwa, inda taya mai taushi da kaya a kanta za ta yage. Don haka duk inda rairayi ya ƙare sai an mayar da iska, duk inda ya sake farawa sai an rage. Mayar da iska kuwa da hannu ne, ƙafa huɗu, cikin ranar bazara. Suna karɓa-karɓa, amma Attaher ya ce tsohon ba ya sakin famfon sai an ƙwace. A wani fako Jimrau ya sunkuya ya kasa miƙewa, ya dafa motar ya jima, sannan ya ce a ci gaba, shanu ba su san da bayansa ba. Ciwon da zai sa ya naɗe buhu a ƙarshen watan nan, a can ya samo shi.

Sun isa rana ta karkata. Ba duka dabbobin aka tarar a tsaye ba, wasu sun riga sun tafi, kuma dusa ba ta tada matacce. Intalla ya fito ya tsaya. Bai dubi ƙanensa ba, bai dubi buhunan ba. Ya zagaya motar a hankali, ya durƙusa, ya ɗora tafin hannunsa a kan tayar da ta baje a rairayi, ya danna ta, kamar yadda ake yi wa ƙafar raƙumin da ake shawarar saye.  Sannan ya tashi ya je ya hura gawayi.

Da shayi ya nuna, ya zuba kofin farko ya miƙa wa baƙo, kamar yadda ya kamata. Jimrau ya ɗago hannuwansa, suna ta rawa saboda famfo.

"Ka gani, ba na iya riƙewa. Ba ɗan'uwanka ya riƙe mini."

 Intalla ya dubi tsohon, ya gane sarai abin da ake yi masa. Ya juya ya miƙa wa ƙanensa kofin. Da ya zuba na biyu, bai jira a ba shi dalili ba.

Kai ne mai duba hanya kafin taya, Jimrau. Ba ka taɓa tuƙa mota ba, amma rabin motocin da ke fita garin nan a kan ƙafafun da ka zaɓa suke tafiya. Ba ka sayar wa mutum abin da idonsa ke so don a rabu lafiya, ba ka kuma ɓoye masa ranar da zaɓinka zai ba shi kunya. An gode maka a madadin Attaher, wanda ba ya iya dogon yabo, da Ɗangoggo, wanda zai mayar da shi wasa, da masu raguna da suka zage ka a bakin kwari kuma yau suke hawa motar da suka zaga. Allah ya ba bayanka lafiya, ya sa ka ci gajiyar hutun da ba ka nema ba.

Ku kuma da za ku gaji inuwar bediyar nan, ƙarafuna ba su da wuyar samu, faci ma ana koyon shi a wata guda. Abin da nake tsoron zai tafi da shi shi ne tambayar. Kafin ku ɗora wa mutum abin da zai ɗora rayuwarsa a kai, ko taya ce, ko magani, ko karatu, ku tambaye shi ina za shi, in ba ku san wurin ba ku bi shi ku gani. Ba na sa rai da yawa, na daɗe a garin nan. Amma ko ɗaya aka samu, an rage asara.

Attaher ya sake tayoyi tun daga lokacin, irin na farko, kuma an ce ya mayar da taguwa guda cikin garken gidansu. Yanzu duk ranar kasuwa Intalla ne ke zaune a gaba kusa da shi, yana ba da umarnin a rage iska tun ba a kai rairayi ba, kamar shi ya ƙago abin. Sun ce ranar da Jimrau zai naɗe buhunsa su ne za su kai shi ƙauyensa, kuma Intalla ya rantse shi zai koma baya wurin awaki, tsohon ya zauna gaba. Karon farko ke nan da zai ga hanya ta cikin gilashi. Na gaya wa Attaher kada ya yi sauri. Ba za su yi nisa ba tsohon zai ce a tsaya, ya sauka ya murza ƙasa.